Suma da Farfaɗowa: Waiwaye Kan Gadin Uwar Garke

Duk wanda ya taɓa riƙon amanar na'urar nan da ake kira uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke zuwa ɗibar bukatarsu a wurinta, a zamanin da intanet ke shigo mana da rarrafe, ya san wani irin barci wanda ba ya kai mai yin sa ga hutawa, barcin da kunne ɗaya ke kan matashi ɗayan kuwa yana jiran kukan waya. Ni na yi irin wannan barci shekara da shekaru, tun daga 2003, sa'ad da na kama aiki a wani gidan intanet a Kano, inda muka kafa faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi, muka ajiye wata tsohuwar kwamfuta mai Red Hat Linux a wani ɗan lungu marar taga, muka ɗora mata nauyin kwamfutoci 20 da ɗalibai da 'yan kasuwa ke layi a kansu tun safe har wata safiyar. Yau kuwa da na waiwaya, na ga aikin nan da ya cinye mini ƙuruciya ya koma hannun wasu 'yan manhajoji da ke yin sa cikin ƙiftawar ido, sai na ga ya kamata in zauna in yi lissafin abin da muka samu a wannan canji, da kuma abin da ya sulale daga hannunmu ba mu ankara ba.

Amma kafin nan akwai wata mas'ala ta lafazi da ya kamata a warware. Manhaja, matuƙar tana ajiye a faifai, kamar littafi ce a cikin gafaka. Sai an buɗe ta, an ba ta wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, an ba ta lamba, sa'an nan take zama abu mai motsi. A cikin masu motsin nan akwai waɗanda ba su da fuska, ba a ganin su a allo, aikinsu kawai su tsaya a ƙofa suna jiran mai bukata, wannan ya miƙa wasiƙa, wancan ya miƙa shafi, wani kuma ya tsare rumbun bayanai. Masanan jami'ar MIT ta Amurka, tun a 1963, sun raɗa musu suna da wata tsohuwar kalmar Girkanci mai nufin ruhin da ke aiki a ɓoye. Ni dai hadimai nake ce musu, domin hidima ita ce sifarsu. Idan kuma ɗayansu ya faɗi, Turawa kan ce ya mutu, ni kuwa suma nake cewa, saboda rayar da matacce na Allah ne Shi kaɗai, abin da ke hannun bawa bai wuce yayyafa wa somamme ruwa ba.

Hadimin da ya fi ba ni wuya a wancan gida shi ne Squid, wanda aikinsa shi ne ya adana shafukan da aka riga aka ɗauko, don kada a sake biyan kuɗin ɗauko su ta tauraro, abin da a lokacin yake da tsadar gaske. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe 2, wayata ta yi kuka, na ji muryar maigidanmu yana cewa, "Ɗana, ka yi haƙuri, abin nan ya sake tsayawa, ga mutane sun biya kuɗin kwana." Na ce, "To, Alhaji, ga ni nan tafe." Na daɗe a bakin titi cikin ƙura da sanyi kafin in sami ɗan acaɓa, da muka isa kuwa Baba maigadi ya riƙe mini tocila, muka ratsa ta cikin samarin da suka yi jugum a gaban allunan da ba sa motsi, na shiga lungun nan mai ɗumi da ƙamshin ƙura, na zauna a kan kwali. Tayar da hadimin layi ɗaya ne na rubutu, amma ina tayar da shi sai ya sake faɗuwa, na sake, ya sake, har dole ta sa na bar gaggawa na buɗe rajistar da yake rubuta labarin aikinsa a ciki, na bi ta layi-layi, sai na tarar rajistar ce da kanta ta kumbura har ta kai gigabait 2, iyakar abin da ginin manhajar na wancan zamani ke iya ɗauka, shi kuwa da ya ga babu inda zai sa alƙalami sai ya zube. Ban fito ba sai da aka yi kiran assalatu, amma daga wannan dare ban sake barin wata rajista ta yi girma babu mai juya ta ba, kuma har yau in na ga faifai ya fara cika, jikina kan ba ni tun kafin lissafi ya gaya mini.

Haka muka koyi sana'ar, a bakin gadon majinyaci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ya sani sai ya kwana a ciki da damina. Sai dai ɗan'adam ba ya son wahala ta dawwama, saboda haka kowannenmu ya ƙirƙiri dabararsa. Tawa ita ce 'yar gajeruwar wasiƙa da na damƙa wa cron, mai tsaron lokaci na tsarin Unix da Linux ya yi koyi da shi, ya riƙa karantawa kowane minti: ya duba takardar da hadimi kan rubuta lambarsa a ciki, in mai lambar yana nan, lafiya, in ba ya nan, a tashe shi. Dabarar ta yi amfani har ranar da wuta ta ɗauke, janareto ya yi jinkirin kamawa, na'ura ta tashi daga baya ta tarar da tsohuwar takarda, alhali lambar da ke cikinta ta riga ta koma hannun wani hadimi dabam; mai dubawa ya ga lamba da rai, ya shaida lafiya, aka wuni ba Squid. A nan na gane cewa shaidar takarda ba ta kai shaidar ido ba. Akwai kuma tsohuwar hanya da Unix ya zo da ita, wato init, hadimi mai lamba 1, wanda duk sauran daga tsatsonsa suke: in ka rubuta sunan wani a kundinsa tare da umarnin a riƙa tayar da shi, zai yi, har ma an sa masa hankalin da in ya tayar da abu fiye da sau 10 cikin minti 2, sai ya ɗaga masa ƙafa na minti 5. To amma yawancin hadimai ba su zauna a ƙarƙashinsa ta wannan fuska ba, saboda wata al'ada da suka gada.

Al'adar kuwa ita ce, hadimi da zarar an tashe shi, sai ya haifi kwafin kansa, shi na asalin ya fice, ɗan ya zama maraya, ya yanke alaƙa da wanda ya kira shi, ya shige duhu. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don kada ya tare ƙofar mai aiki, amma sakamakonsa shi ne babu wanda ke da tabbacin inda yake sai ta wannan takardar lamba mai iya yin ƙarya. Wanda ya fara nuna mini, ta hanyar aikinsa, cewa gyaran yana cikin nasaba, shi ne Daniel Bernstein, malamin lissafi a jami'ar Illinois da ke Chicago, mai manhajar wasiƙu ta qmail, wanda ya fitar da daemontools a 1997, ko da yake ni sai bayan shekaru da dama ta zo hannuna. Hikimarsa gajera ce ƙwarai: a tsarin Unix, in ɗa ya faɗi, zuciyar tsarin da kanta take kai wa uba labari nan take, ba sai ya tambaya ba; saboda haka a hana hadimi gudu, a ba kowane ɗaya uba guda wanda ba shi da wani aiki sai zama da shi, in ya suma, uban ya dakata sakan 1, ya tashe shi. Su kansu ubannin akwai mai zagaya su kowane sakan 5, sa'an nan ga wani na gefe mai karɓar duk abin da hadimin ya furta yana rubutawa, yana juya rajistar kafin ta kumbura. Ranar da na fahimci wannan tsari na ji irin abin da almajiri kan ji sa'ad da malami ya warware masa da jumla ɗaya abin da ya kwana bakwai yana juyawa.

Daga baya aka lura cewa numfashi dabam, lafiya dabam, gama hadimi yana iya kasancewa da ransa, lambarsa tana nan, amma ya sandare, mai bukata ya yi ta sallama babu amsa. Nagios, wanda Ethan Galstad ya fara da sunan NetSaint a 1999 kafin a sake masa suna a 2002, ya zama kamar sankira, yana zagayawa yana ƙwanƙwasa ƙofofi, ya kawo labari, galibi kuma ya bar hukunci ga mutum; monit, wanda ya fito daga Norway, shi ya haɗa biyun, ya ƙwanƙwasa, ya auna yawan ƙwaƙwalwar da hadimi ya ci, in ya ƙetare haddi ya kwantar da shi ya sake tashe shi, sa'an nan ya aiko maka da wasiƙa. Bayansu sai abin ya zama yayi: Apple ta kawo launchd a 2005, kamfanin Sun ya sa nasa a Solaris 10 a wannan shekarar, Ubuntu ya zo da Upstart a 2006, masu harshen Python suka yi supervisord, masu harshen Ruby kuma suka yi wani da suka raɗa masa sunan da bai dace da abin da hannu ya ƙera ba, wanda ba zan sa shi a alƙalamina ba.

Malamin da ya koya mini aikin, mutum mai tsantseni wanda ba ya barin na'ura sai ya san illarta, bai taɓa sakin jiki da waɗannan kaya ba. Yakan ce tayar da abu ba tare da sanin abin da ya kayar da shi ba lalaci ne da aka sa wa riga. Na daɗe ina ganin maganar tasa ba ta da raddi, sai da na karanta abin da Jim Gray ya rubuta a 1985, yana kamfanin Tandem, a kan dalilan da ke sa kwamfuta tsayawa. Gray ya bi rahotannin faɗuwar na'urorinsu, ya nuna cewa manhajar da ta daɗe tana aiki an riga an tace mata manyan kurakurai, abin da ya rage mata irin kuskuren nan ne da ba ya bayyana sai abubuwa biyu ko uku sun yi kiciɓis a sakan ɗaya, in aka sake gwadawa kuma ba za su sake haɗuwa ba. A wani ƙidaya da ya kawo, cikin kurakurai 132, guda ɗaya ne kawai ya sake dawowa bayan an maimaita aikin. Ashe ke nan tayarwa tana da hujja ta ilmi, kuma sau da yawa ita ce magani mafi dacewa a sa'ar da ake ciki. Mutanen kamfanin Ericsson na Suwidin, su Joe Armstrong, waɗanda suka fara harshen Erlang a 1986 don na'urorin haɗa wayar tarho, sun mai da wannan fahimta mazhaba sukutum: a bar ƙaramin ma'aikaci ya faɗi da wuri, a sa masa mai kula, mai kular ma a sa masa nasa, hawa-hawa kamar sarautar gari. Sai dai sun gindaya sharaɗi wanda a ganina shi ne ruhin al'amarin duka, cewa in faɗuwar ta yawaita fiye da adadin da aka yanka a cikin lokacin da aka yanka, mai kular ya sallama, ya kai ƙara gaba, kada ya yi ta rufa asiri.

A 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd, wanda ya karɓi kujerar mai lamba 1 kanta, ya yi amfani da wata sabuwar dama da ta shiga zuciyar Linux a 2008, mai ba da ikon a killace hadimi da 'ya'yansa da jikokinsa a shinge ɗaya, ta yadda ko ya yi tsohuwar al'adar gudu babu inda za shi. An yi saɓani mai zafi a kansa, irin wanda ban taɓa gani ba a tsakanin masu wannan fanni. Kwamitin Debian, wani reshe na Linux, a 2014 ƙuri'unsa a kan karɓar systemd suka yi kunnen doki har sai da shugaba ya raba gardama, waɗanda ba su gamsu ba kuma suka ware suka kafa Devuan. Masu suka suna da hujja, domin tara aiki da yawa a hannu ɗaya ya saɓa wa tarbiyyar Unix, amma ni da na sha wuyar takardar lamba ban iya ƙin abin da ya raba ni da ita ba. A wannan shekara ta 2014 ne kuma Google ta saki Kubernetes, inda hadimi ya daina zama wani sananne mai suna da hali, ya koma ɗaya daga cikin tumakin garke: in ya faɗi a tashe shi bayan sakan 10, in ya sake a jira 20, sa'an nan 40, ana ninkawa har minti 5, in na'urar da yake kanta ce ta lalace a ɗauke shi a kai wata.

Ba na cikin masu kewar wahala. Na san abokan aiki da rashin barci ya jawo wa hawan jini, na san wanda amaryarsa ta yi yaji saboda wayar dare, ni kaina na sha makara sallar asuba bayan kwanan lungu, kuma duk wanda ya ce wancan zamani ya fi, to, bai tsaya a bakin titi ƙarfe 2 na dare yana neman acaɓa ba. Waɗannan manhajoji rahama ce, ina kuwa gode wa Allah da Ya nuna mini zamanin da saurayi zai riƙe uwar garke ya kuma kwana a gidansa. Abin da ke damuna wani abu ne dabam, kuma ban gan shi sarai ba sai a 2019.

A lokacin ina duba aikin wasu matasa a wani kamfani da ke karɓar kuɗin makaranta ta intanet. Wata safiya wani dattijo ya shigo ofis da takardar banki a hannu, ya naɗe ta a leda, ya ce an cire masa kuɗi amma makaranta ta ce ba ta ga komai ba, an kuwa hana 'yarsa shiga aji kwana uku, bai ɗaga murya ba, abin da kawai ya ce shi ne, "Ku taimaka, buhun gero biyu na sayar." Na juya ga yaron da ke riƙe da na'urorin, yaro mai hazaƙa da ladabi, ya nuna mini babban allon bango ya ce, "Oga, duba, komai kore ne, wata uku ba mu tsaya ba ko na minti ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Amma na ce ya tambayi systemd sau nawa ya tayar da hadimin karɓar kuɗi, abin da tambaya ɗaya ke bayyanawa, sai lamba ta fito ta haura 900. Da muka bi rajista sai al'amarin ya fito fili: manhajar tana da yoyo, duk bukatar da ta biya sai ta riƙe ɗan gutsuren ƙwaƙwalwa ba ta mayar ba, har bayan kamar awa 2 ta cinye abin da ke akwai, zuciyar Linux ta sare ta don ta ceci sauran, systemd kuwa ya tashe ta cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Haddin da aka sa masa na asali shi ne ya daina in an yi tashi fiye da 5 cikin sakan 10, mai faɗuwa duk bayan awa 2 kuwa har abada ba zai taɓa wannan haddi ba. Mai ƙwanƙwasa ƙofa yana zuwa kowane minti, kullum ya tarar da mai amsawa. Duk wanda kuɗinsa ke tsakiyar hanya a daidai sakan ɗin faɗuwa, banki ya cire, mu ba mu rubuta ba, ya shiga sahun wannan dattijo, kuma mafi yawansu ba su san ƙofar da za su buga ba.

A zamanin lungu marar taga, irin wannan yoyo da ya tashe ni daga barci sau biyu, a dare na uku na toshe shi, ba don na fi yaron nan ilmi ba, gama ya fi ni sanin abubuwa da yawa, sai don ciwon yana zuwa har kan katifata. Wahalar nan da muka yi murnar rabuwa da ita, ita ce manzon da ke kawo mana labari, da muka sallame ta kuwa ba mu naɗa wani a gurbinta ba, sai ciwon ya sauya gida, ya bar mai albashi ya koma kan mai sayar da gero. Laifin kuma ba na masu ƙera kayan ba ne, tun da Bernstein ya ajiye marubuci kusa da kowane hadimi, mutanen Erlang sun wajabta kai ƙara, systemd ma yana ƙidaya yana adanawa. Gafalar tamu ce, mu da muka ɗauki rabin da ke ba mu barci muka bar rabin da ke neman a karanta. Nakan tuna da na'urar Pathfinder da ta sauka a duniyar Mirrihi ran 4 ga Yuli, 1997, wadda bayan 'yan kwanaki ta riƙa sake tayar da kanta, saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe mabuɗin da babban aiki ke jira, mai gadin cikinta kuwa in ya ga jinkiri ya yi yawa sai ya sake komai daga farko. Tayarwar ta ceci na'urar, amma injiniyoyinta ba su ce tsugune ta ƙare ba. Sun zauna da tagwayenta a ɗakin gwaji suna maimaita abin har ya faru a gabansu, suka gano mabuɗin, suka aika gyara ta sararin samaniya.

A ranar nan da dattijon ya zo ba mu tashi ba sai bayan isha'i. Muka fitar da lokutan faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, muka jera su da takardun banki, muka tsamo sunayen waɗanda kuɗinsu ya maƙale, yaron yana karantowa ina rubutawa, can na ga ya yi shiru yana kallon jerin, ya ce, "Oga, duk waɗannan mutane ne?" Na ce mutane ne. Washegari da kansa ya kai wa dattijon rasit har makaranta, ya dawo ya ƙara wani ɗan gurbi a kusurwar allon bango mai nuna adadin tashin kowane hadimi tun daga jiya, ya kuma haɗa shi da wayarsa, ta yi kuka in adadin ya wuce 3. Yoyon ya ɗauke shi kwana huɗu kafin ya gano inda yake, a wani layi da ke buɗe hanya zuwa rumbun bayanai ba ya rufewa, kuma a cikin kwanakin nan huɗu wayarsa ta tashe shi kowane dare.